Talata: yaron da ke ɗakin duhu

Ruwa ya kwana yana zuba, na fi rabin awa a bakin titi a Tudun Wada kafin na samu Keke Napep. Na isa asibiti takalmina duk taɓo.

Ɓangaren yara aka kai mu ɗalibai yau. Akwai yaro ɗan shekara tara da aka keɓe a wani ɗaki, an sassake labule, an hana ko magana da ƙarfi. Ƙusa ya taka a bola kwana goma da suka wuce, aka ɗaure ƙafar da tsumma. Yanzu haƙoransa sun sarƙe, cutar tetanus ce ta kama shi. Wani ya yar da murfin kwano a baranda, nan take jikin yaron ya ƙame, bayansa ya lanƙwashe kamar baka. Mahaifiyarsa ta riƙo hannuna ta ce, "'Yata, iska ce?" Na ce, "A'a Mama, dafin ƙwayar cuta ne, kuma ana ba shi magani." Har na dawo gida muryarta tana kunnena.

Bayan isha'i na buɗe darasin da na daɗe ina haddacewa ba tare da ya shige ni ba. Ƙwayoyin jijiya ba a manne suke da juna ba, akwai 'yar tazara ta kamar nanomita 20 a tsakani (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne bisa miliyan na milimita). Saƙo na tsallakawa ne da sinadarin da ke ɗure cikin wasu ƙananan jakunkuna a bakin jijiyar. Kafin jaka ta zubar da kayanta, sai furotin uku sun murɗe da juna kamar tufkar igiya: sinaptobirebin a jikin jakar, sintaksin da SNAP-25 a jikin tantanin jijiyar. Da kalsiyam ya shigo, wani furotin mai suna sinaptotagmin ya ji shi, jakar ta haɗe da tantanin ta buɗe, cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Ikon Allah!

Abin da ya fi tsaya mini shi ne tantanin kansa. Da na ɗauka leda ce kawai da ta rufe ƙwayar. Ashe shi ke tsara wurin zama. Sintaksin ba a warwatse yake ba, rukuni-rukuni yake taruwa, kamar yadda a Kasuwar Barci kowace sana'a take da layinta. Kolestarol da wani maiƙo mai suna PIP2 su ke taimakawa wajen riƙe rukunin, har ma an ga idan aka zare kolestarol daga tantanin, rukunin ya watse, sakin saƙo ya ragu. Kolestarol ɗin nan da kullum muke tsorata mutane da shi! A 2013 masana uku, Rothman da Schekman da Südhof, suka karɓi kyautar Nobel kan aikin waɗannan jakunkuna.

Dafin da ke jikin yaron nan sinaptobirebin yake yankewa, kuma a jijiyoyin laka masu cewa tsoka ta saki. Igiya ɗaya ta tsinke, saƙon "tsaya" ya daina fita, tsoka ta yi ta ɗaurewa. Shi ya sa ƙarar murfin kwano kaɗai ta isa.

Na tashi na tambayi Umma katin rigakafin Auta. Ta ce yana cikin akwatinta, ƙarƙashin zannuwa, da safe za ta ciro mini.