Abin da zanen ciwo ya koya mini a sashen gashin ƙashi

Lokacin da na fara aiki a sashen gashin ƙashi, akwai takardar da muke miƙa wa duk wanda ya zo da ciwon baya, mai ɗauke da siffar mutum ta gaba da ta baya, mu ce ya yi alama da biro a inda ciwon yake. Dabarar ta daɗe, domin tun 1949 wani likita mai suna Palmer ya bayyana ta, kuma a 1986 Margolis da abokan aikinsa suka kasa siffar gida 45, ta yadda mai bincike zai iya ƙidaya faɗin wurin da ciwo ya ci, ya kwatanta halin majinyaci kafin magani da bayansa.

Amfaninta a fili yake. Idan layin ya taso daga ƙugu ya bi gefen ƙafa har babban yatsa, hankali yakan tafi ga jijiyar ƙasan ƙashin baya da ake kira L5, idan kuwa ya bi ta sharaɓa zuwa ƙaramin yatsa, sai a zargi jijiyar da ke ƙasa da ita, wato S1. Wanda ya nuna sagewa tsakanin cinyoyi da wajen dubura, tura shi wurin likitan tiyata ake yi nan take.

Inda na yi tuntuɓe shi ne wajen fassara zanen da ya cika takarda. A makaranta mun karanta tsarin da Ransford da Cairns da Mooney suka fitar a 1976, wanda yake ɗaukar zanen da ya saɓa wa hanyoyin jijiyoyi a matsayin alamar damuwar zuciya, ni kuwa na riƙe shi hannu bibbiyu. Wata rana wata tsohuwa ta shafe siffar tun daga wuya har diddige, sai na yanke a raina cewa zuzutawa take yi. Babbar ma'aikaciyarmu ta ajiye takardar gefe ta ce, "Baaba, idan kika yi ruku'u, ina ne ya fi cin ki?" Tsohuwar ta dafa kwankwasonta na dama, ta ja hannu zuwa bayan cinya. Ashe ba ta saba riƙe biro ba, siffar da take fuskantarta ta rikita mata dama da hagu, sannan a wurinta ciwon jiki ya haɗa har da tsamin gaɓoɓi da gajiyar surfe. Daga baya na ga bitar da Carnes da abokan aikinta suka wallafa a 2006, wadda ta nuna hujjar auna lafiyar ƙwaƙwalwa da wannan zane ba ta da ƙarfi.

Yanzu nakan sa majinyaci ya fara nuna wurin a jikinsa, in tambaye shi ko suka ce, ko zugi, ko raɗaɗi, ko sagewa, kafin biro ya taɓa takarda. Idan ni na yi masa alamar, nakan rubuta hakan a gefe, domin duk wanda zai tattara takardun nan don bincike yana buƙatar sanin hannun da ya yi zanen.