Saƙon godiya, na dawo gida

Alhamdu lillahi. Jiya da la'asar muka iso ƙauyenmu na bayan Ringim, gwajin jini na uku ya fito daidai, likita ya ce maganin ya karɓe ni. Sauran labarin kun san shi, ni ma na gaji da ba da shi.

Lokacin da jikina ya fara cika, duk gidan sunan da na shiga sai a ce amarya an samu hutu, wasu har da tambayar wata nawa. Ni kuwa tuwon da nake ci bai kai na yaro ba. Ana tsakiyar zafin bazara, kowa na kwana a tsakar gida, ni ina ɗaki cikin bargo, gashina na zuba a matashi. Wata asuba Yaya, uwargidanmu, ta tarar da ni ina kuka, zobe ya nutse a yatsana. Ta kawo sabulu da zare ta zauna bakin gado tana murzawa a hankali har ya fita. Ta dubi fuskata ta ce, "Wannan ba ƙiba ba ce, kumburi ne. Gobe sai Kano." Akuyarta ta sayar muka yi kuɗin mota da na gwaji. Ba a saba kishiya ta yabi kishiya a bainar jama'a ba, to ni na yaba.

Ashe ta fi mu gani. A asibitin Malam Aminu Kano aka ce abin nan na gaban wuya, wanda in ya kumbura ake kira maƙoƙo, shi ne ya yi sanyin aiki, jiki ya rage ƙona abinci, ya riƙe gishiri da ruwa. Yanzu kowace asuba ƙwayar levothyroxine ɗaya da ruwa zalla, in jira minti 30 kafin koko. Kilo 4 na sauke. Ragowar, likita ya ce kada in kuskura in ƙara ƙwaya don in rame, zuciya za ta taɓa.

Maigida, Inna, Goggo da ta riƙe mini yara, da ma'aikaciyar jinyar da ta yi ta neman jijiya a kumburarren hannuna ba ta tsawata mini ba, Allah Ya saka muku da Aljanna, Ya jiƙan iyayenku, Ya raba ku da kwanciyar asibiti, Ya raya zuri'arku. Danginmu na cikin birni, na san hidima ta yi yawa. Ko waya ma da ta isa.

Yaya, akuyarki tana wuyana, ki yi mini haƙuri zuwa kaka.