Godiya bayan arba'in ɗin Ummi

Assalamu alaikum jama'a. Jiya Ummi ta cika kwana 40 da rasuwa, sai yau na samu ƙarfin zama na rubuta wannan. Dan Allah duk wanda ya kira ban ɗauka ba ko ya turo saƙo ban amsa ba ya yi haƙuri, wallahi ina gani, hannun ne baya iya komai. Kun san yanda abin ya kasance tun daren da Abbanta ya saka cigiyar jini a WhatsApp, ba sai na maimaita ba, nima bana so. Wata 9 da kwana 11 Allah ya ara mana ita kuma ya karɓi abarsa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

A gidanmu ba a saba ambaton wanda ya yi alheri ba, ana cewa kar a rage masa lada, amma ku gafarce ni, wasu in ban faɗe su ba zuciyata ba zata kwanta ba.

Bawan Allahn da ya taso daga Hotoro ƙarfe 1 na dare ana tsuga ruwan Agusta dan kawai ya ga an rubuta ana neman O negatif, jinin da duk danginmu aka rasa mai shi, ka bada leda ɗaya ka ƙi karɓar ko Maltina ka tafi. Har yau bamu san sunanka ba. Jininka ya shiga jikinta, har ta buɗe ido ta kama ɗan yatsana a daren, wannan kallon kai ne sila. Allah ya sadaka da Annabi.

Sai Inna. Ban san ta ba kafin nan, tsohuwa ce daga wajen Gaya tana jinyar jikanta a gadon da ke kusa da namu, kun san damina yanda ɗakin yara ke cika, yara biyu a gado ɗaya. Lokacin da Ummi ta cika wajen ƙarfe 4 na asuba Abbanta ya fita neman allura, ni kaɗai ce, ina ta gyara mata robar oksijin a hanci. Sista ta zo ta saka abin awo a ƙirjinta ta daɗe bata ce komai ba sai kawai ta zare robar, ni kuma ina ta cewa Sista ya kika cire ai tana buƙata, Sista mayar mata. Inna ce ta sauko ta kama wuyan hannuna ta ce "'yar nan, ce innalillahi." Ta shafe mata ido. Zannuwana duk sun ɓaci da amai, ta kwance ƙullin kayanta ta ciro nata, wata tsohuwar atamfa da ta koɗe, ta ce "juyo ki goya abarki, goyon ƙarshe ne, kar ki bari kowa ya ɗaukar miki." Da hannunta ta ɗora min ita a baya ta gyara mata wuya, jikinta da sauran ɗumi. Wallahi har na kai bakin get ina jijjiga ta ina bubbuga mata baya ban sani ba, sai da na ga Abbanta tsaye da ledar magani a hannu yana kallona.

Mai adaidaita sahun da ya kai mu gida, da ya gane abin da na goyo ya kashe rediyo, yana kaucewa ramuka a hankali kaman mai tsoron ya tashe ta daga bacci, kuma ya ƙi karɓar ko sisi. Allah ya mallaka maka naka na kanka.

Maman 'yan biyu maƙwabciyata, na gane ke kika kwashe kayanta daga kan igiya kafin na shigo, har da fida da ɗan takalmin sallah da bata taɓa takawa ba. Gwaggo kuma kwana 3 kina ɗaure min ƙirji kina gasa min da ruwan ɗumi, dan nono bai san ta tafi ba, yana cika lokacin da ta saba tashi, wannan ciwon ba wanda ya taɓa gaya min akwai shi. Malamarmu ta Islamiyya na gode, ke kaɗai ce baki ce min na daina kuka ba, kika tuna min Manzon Allah (SAW) ma ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu yana jariri, da hadisin gidan da ake gina wa wanda ya rasa ɗa ya yi hamdala, Baitul Hamdi. Shi nake riƙewa in dare ya yi tunani ya taso, musamman kwana biyun da na yi ina bata farasitamol ina cewa haƙori ne, ashe zazzaɓin sauro ne ke cinye mata jini.

Abban Ummi, kai ka rungume ta cikin tabarma har maƙabartar Tarauni, ka dawo da ƙasa a gwiwar wandonka baka ce komai ba. Allah ya baka haƙuri, na san kai ba wanda ya tambaye ka.

Masu aiko waina da gumba ranar uku da bakwai, 'yan unguwa, abokan aikinsa, wanda suka turo kuɗi, Allah ya saka da alkhairi, Allah ya raya muku zuri'a, Allah kar ya nuna muku irin wannan asubar, Allah ya jiƙan magabatanku ya haskaka kabarinsu, ya sa Ummi mai ceto ce a gare mu baki ɗaya. Wanda kuma suka turo sitika daga Abuja shikenan, ranar suna dai mota biyu kuka yi, ba komai, mun gani. Masu cewa ai yarinya ce zaki haifi wata, na san da alheri kuke nufi, amma dan Allah ku daina.

Zanin Inna yana wajena na wanke na goge. Abbanta ya koma asibitin bayan bakwai aka ce an sallame su. In akwai wanda ya san wata tsohuwa ta wajen Gaya mai tsaga a kumatu da ta yi jinyar jikanta namiji a Kano cikin watan Agusta, dan Allah ya min magana, ina so na ji ko yaron ya warke.