Ranar da ruwan khal ɗina ya koma ruwan randa

Garwa, Kamaru, Asabar da dare.

Wuta ta tafi tun ƙarfe goma na safe, sai bayan isha'i ta dawo, shi ya sa nake rubutun nan waya na jikin caji. Haka muke fama duk Afrilu, ruwa ya ja baya a madatsar Lagdo, unguwanni su riƙa karɓa-karɓa. Zafi kuwa ya haura digiri 40 tun kafin azahar. Amma saura 'yan makonni a shiga bak, jarrabawar kammala sakandare, ko sama da ƙasa za ta haɗe sai an yi karatu.

Mu huɗu ne yau a gindin dalbejiyar gidanmu a Yelwa: ni, da ƙawata da ke zuwa daga Fulɓere, da wani ɗan ajinmu da iyayensa suka zo daga Mundu ta Cadi, sai ɗan kawuna, wanda ya faɗi bara da ɗan maki kaɗan, yake maimaita ajin ƙarshe. Allonmu tsohon ƙyaure ne da aka shafa wa baƙin fenti. Takardun jarrabawar shekarun baya muka haɗa kuɗi muka yi fotokofi, har wasu lambobin sun dushe, sai an kanne ido.

Shimi muka sa a gaba, kimiyyar sinadarai ke nan ga waɗanda ba su yi lekol da Faransanci ba. Tambayar farko a kan ruwan khal ce, binegar ɗin da ake zuba wa salak. An ce an sirka shi da ruwa sau goma, an ɗebi mililita 10, ana ɗiga masa ruwan soda, wato kaustik soda da ke kashe asid, mai ƙarfin mol 0,10 a lita, har suka yi kunnen doki a mililita 13,3. (Mu nan waƙafi muke sawa a inda 'yan Najeriya ke sa ɗigo.) Ana so a nemo digirin khal ɗin, wato giram nawa na asid ke cikin giram 100.

Ni na fara gamawa, har da ɗaga hannu kamar a aji. CaVa daidai da CbVb, wato ƙarfin asid sau yawansa daidai da ƙarfin soda sau yawanta, wannan ko cikin barci aka tashe ni zan faɗa. Na samu 0,133, na ninka da 60, nauyin mol ɗaya na asid asetik, na ce amsa digiri 0,8. Ɗan kawuna ya leƙo takardata, ya yi shiru, sannan ya ƙwala wa Inna kira.

"Goggo, kada ki ƙara aiken 'yarki sayen khal. Ruwan randa za ta kawo miki."

Taubashi ne, ba damar fushi. Na manta an sirka sau goma. Asalin ƙarfin 1,33 ne, kusan giram 80 a lita, digiri 8 ke nan, irin wanda ake rubutawa a jikin kwalba. Abin da ya fi ba ni haushi, kwalbar tana nan a kicin, kullum ina ganin lambar, amma ban taɓa haɗa ta da abin da ke cikin littafi ba. Shi ma irin wannan kuskuren ne ya ci masa maki bara, ya faɗa daga baya da murya ƙasa-ƙasa. Yanzu kafin ya taɓa kalkuleta sai ya ja layi a ƙarƙashin duk inda aka ce an sirka.

Inda muka daɗe shi ne tambaya ta uku: me ya sa a rabin hanya, wajen mililita 6,65, pH, ma'aunin tsamin ruwa, yake daidai da pKa, lambar da ke nuna ƙarfin asid ɗin, wato 4,8? Dukkanmu mun haddace jimlar da Faransanci yadda malam ya yi mana shifta. Ƙawata ta karanto ta tsaf, ba gargada. Sai ɗan Mundu ya ce shi fa bai gane ba, a faɗa masa da wani harshe. Muka yi tsuru-tsuru. Na buɗe baki na ji babu komai a ciki sai haddar.

Na fara lalube da Hausa. Na ce a ɗauka 'yan talla ashirin ne, kowace da faranti ɗaya a ka, farantin shi ne H+. Soda mai saye ce, duk wadda ta tarar sai ta sauke mata faranti. A rabin hanya goma sun sayar, goma na ɗauke da kaya. Masu kaya su ne CH3COOH, waɗanda suka sauke su ne CH3COO-. Goma a raba da goma ɗaya ne, log na ɗaya sifili ne, to me ya rage a lissafin? pH daidai da pKa. Ina faɗa ina ganewa, wallahi kafin wannan lokacin ban san dalilin ba. Ƙawata ta juya masa da Fulatanci, shi kuma ya je allo ya rubuta da Faransanci, ya ƙara da abin da ni ban hango ba: idan duk sun sauke, waɗanda suka rage ɗin su ma bas ne, kishiyar asid, marar ƙarfi, shi ya sa a wurin kunnen doki pH ba 7 ba ne, ya kai wajen 8,8. Don haka fenolftalin za a zaɓa don gane wurin kunnen dokin, wanda ke juya launi tsakanin 8,2 da 10, ba heliyantin ba da ke juyawa tun daga 3,1 zuwa 4,4.

Fenolftalin ɗin nan sau ɗaya na taɓa ganinsa da idona tun da na shiga sakandare, daga bayan aji, ta saman kawunan mutum sama da tamanin.

Ana cikin haka Inna ta fito da zoɓo, wanda nan aka fi sani da folere. Ɗan kawuna ya ce a kawo kofuna uku na gilashi. Ya zuba kaɗan a kowane, ya ƙara ruwa har ya yi fayau. Na farko ya matse masa lemon tsami, ya yi ja zur. Na biyu ya bar shi. Na uku ya jiƙa 'yar kanwa ya riƙa ɗigawa da cokali. Ɗigo na farko ya yi wani duhu a tsakiya ya ɓace. Na biyu ya ɗan jima. Can sai duk kofin ya rine, ya koma shuɗi-shuɗi, daga nan ya tafi kore mai datti kamar ruwan kududdufi. Ya sake matsa lemo, ya yi 'yan kumfa, jan ya dawo.

Inna na tsaye da tire a hannu. Ta ce, "To wannan ne karatun? Ai duk mai miyar yakuwa ta san kanwa ke kashe tsami." Na ce mata, Inna, abin da za a tambaye mu ke nan, sai dai da lambobi. Ta ce Allah ya ba da sa'a, amma kada wanda ya sake taɓa mata kanwa, ta wake ce.

Bayan la'asar muka taɓa esta, abin da ake samu idan an haɗa asid da alkol, a gurguje don kai ya ɗau zafi. Gardama ɗaya ce ta tashi: ƙawata ta dage cewa ƙara asid sulfurik zai ƙara yawan abin da za a samu. Ba ya ƙarawa, sauri kawai yake sawa. Mol ɗaya na asid da mol ɗaya na alkol na farko kashi 67 cikin ɗari suke bayarwa, da alkol na biyu kuma kashi 60. Ba ta yarda ba sai da aka buɗe littafi, kuma ko da aka buɗe cewa ta yi ita ma abin da take nufi ke nan.

Da magariba suka watse. Na sake yin tambayar khal ni kaɗai da fitilar waya, ba tare da duba allo ba, na samu 8. Gobe bayan azahar a gidan su ƙawata za mu haɗu, saurin haɗuwar sinadarai ne a gaba, kuma ni aka ba in yi bayani, ban ko buɗe shafin ba tukuna. Kofuna ukun na can kan katanga na manta ban wanke ba, ina jin Inna tana tambayar ina suke.