Motar da ba a gama haɗawa ba, nawa za ka sa mata?

Ƙannena masu son tsofaffin motoci, ku zo in ba ku labarin Fijo 504 ɗina, don na ga kwanan nan da yawanku kuna ta cigiyar irin su da tsohuwar Marsandi, kuma wallahi ba na so ku ɗanɗana abin da na ɗanɗana.

A 2021 na saye ta wurin wani dattijo a Bukuru, ya fara gyara ƙarfinsa ya ƙare. Haɗin Kaduna ce, daga kamfanin PAN da ya fara haɗa Fijo a 1975, kuma irinta mahaifina ya yi shekaru yana ja tsakanin Jos da Bauchi, to ina ganinta zuciyata ta riga ta saya tun bakina bai taya ba. An kankare bodi an shafa fentin farko, injin yana ƙasa kan tsohuwar taya an rufe da leda, sauran kayan kuma cikin buhu uku da wani kwali. Dattijon ya ce "ɗana, saura kaɗan, ɗaurawa kawai za a yi", kuma na san ba ƙarya ya yi min ba, shi ma haka ya ɗauka. Na biya dubu 850 ban kwance bakin buhu ko ɗaya ba.

Sai da muka ja ta zuwa Farin Gada, makanike ya zazzage buhunan a ƙasa, sannan ido ya raina fata. Babu kafireta, fitilar gaba guda ɗaya ce, robobin gilashi duk sun bushe suna karyewa kamar ƙuli-ƙuli, kusoshi an haɗe su wuri ɗaya ba wanda ya san na ina da na ina. Fanabita ya ɗauko ɗan maganaɗisu yana bin gindin ƙofofi da shi, inda ƙarfe ne ya kama, inda aka cike da foti ya zame ya faɗi, kuma ya faɗi a wurare da yawa. Ya ɗaga kafet, ta ƙasan direba ina hango ƙasa. Wannan fentin farkon da ya burge ni ashe tsatsa ya lulluɓe. Na yi ta sintiri Dilimi, abin da ban samu ba in aika Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, kuma ƙananan kayan nan na ado su suka fi cin kuɗi da wahalar samu, injin ma da sauƙi.

Amma kuskuren da ya fi min ciwo a wajen sayarwa na yi shi. Kuɗi ya yanke min, wani bawan Allah ya zo daga Abuja ya taya miliyan 1 da dubu 300, na ce albarka, saboda na buɗe littafina na ga abin da na kashe ya haura miliyan 2. Ya ce min "Malam, ni ba wahalarka zan saya ba, mota zan saya", na ji haushi sosai a ranar, amma gaskiya ya faɗa. Ta ƙara damina biyu a fili, kun san ruwan Jos, ga kuɗin ajiye mota a gareji, madubi da sabuwar kafiretar da na saya suka yi ƙafa, sannan aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, dala ta tashi, kuɗin fenti da sifiya suka bi ta, masu saye suka ja baya.

Ga yadda nake lissafi yanzu, ko saye ko sayarwa. Ka fara binciko nawa aka sallama irinta wadda ke tafiya lafiya, kuɗin da ya shiga hannu fa, ba wanda dillali ke faɗa ko ake rubutawa a Facebook ba. Sai ka kawo makanike da fanabita da rewaya naka, ba na mai motar ba, kowa ya faɗi kuɗin aikinsa da na kaya, ka ƙara wani abu mai kauri a kai don dole wata matsalar ta ɓullo in an buɗe. Ka cire wannan daga wancan, abin da ya rage shi ne kuɗinta. Don sanin mafi ƙarancin kuɗinta kuma, ka tambayi nawa za ta yi in an sayar da injin daban, giyabos daban, ƙarfen a ba 'yan gwangwan, kar ka sallama ƙasa da haka. Injin da ba a tayar a gabanka ba, ka lissafa shi a matacce. Ka duba lambar cesis da idonka ta dace da ta takarda, in ba takardu ko ba su dace ba ka kama gabanka komai arharta.

In kai ne mai sayarwa, ka wanke kayan ka jera su a kan tabarma, ka rubuta abin da ke akwai da wanda babu, ka ajiye rasit da hotunan bodin kafin a shafa komai, mai saye ya fi sakin kuɗi in ya ga ba ka ɓoye masa ba.

Tawa dai a ƙarshe dubu 900 na sallama ta ga wani matashi daga Rikkos. Kafin ya biya ya zauna a ƙasa ya ƙirga kayan buhunan ɗaya bayan ɗaya har la'asar, ni kuma ina riƙe masa biro da takarda.