Sarƙaƙiyar da na shuka da hannuna

Ranar da na ce wa uwargida zan shuka sarƙaƙiya a bayan gida, ajiye ludayi ta yi ta dube ni. "Malam, mutane na fama da sare ta a gona, kai kuma gida za ka kawo mana ita?" Gaskiyarta ce. Sai dai tun da na yi ritaya daga koyarwa na ware wani lungu a gidanmu na Zariya don tsirran daji zalla: garafuni, yaɗiya, rai-ɗore da ɗan sabara. Abin da ya rage shi ne mai hawa katanga, mai fure, wanda kuma zai sa yaran unguwa su daina tsallakowa ɗiban gwaiba.

Irin a bakin wani rafi na tsinko shi da hunturu, lokacin da kwasfar ta bushe. Kusan rabin ƙwayoyin ƙwari sun huda su. Na zuba a ruwa, waɗanda suka taso sama na watsar. Sauran na binne su haka nan, na yi ta ban ruwa mako uku, ko ɗaya bai fito ba. Wani dattijo mai sayar da dashe a bakin titi ne ya yi mini dariya. "Ɗana, ɓawonta irin na bagaruwa ne. Ka tafasa ruwa, ka sauke, ka zuba mata, ka bar ta ta kwana." Da safe na tarar sun kumbura kamar wake. Na shuka a ledar fiya wata, cikin ƙasa da ɗan takin awaki, ba a yi kwana goma ba suka tsiro. Da ruwa ya zauna a watan Yuni na dasa uku a gindin katanga.

A nan na tafka kuskure. Na dubi 'yan tsirran da ba su kai kamu ɗaya ba, ganyensu lallausa, na manta abin da za su zama. Taku biyu ne tsakaninsu da igiyar shanya.

Sai ka zauna da ita za ka san ƙayarta. Ta bagaruwa miƙaƙƙiya ce, biyu-biyu a gindin ganye, kana ganinta ka kauce. Ta sarƙaƙiya gajera ce, a lanƙwashe kamar farcen kyanwa, warwatse a jikin reshe ba tsari. Sunan da masana tsirrai suka ba ta ma, Senegalia ataxacantha, kalmarsa ta biyu ma'anarta ke nan: ƙaya marar tsari. Ba ta da zaren kamawa irin na garafuni, da ƙayar take hawa. Duk abin da ta taɓa ta riƙe, ko bulo, ko reshen zogale, ko mayafin uwargida na zuwa biki, wanda har yau ba a gama yafe mini shi ba. Na sha jin 'yan jarida suna cewa magana ta zama sarƙaƙiya, ban fahimci kalmar sosai ba sai ranar da ta kama ni a wuyan riga da hannu da hula lokaci guda. In ta kama ka, kada ka fizge. Ka koma da baya, ka cire ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu da rani nake yi mata aski, da safar hannu ta fata da doguwar sanda mai baki biyu don jan reshe. Abin da na sare nan take nake ƙonawa, domin busasshen reshe a ƙasa ya fi ɗanye mugunta ga mai yawo ba takalmi. Ban ruwa kuwa tun shekarar farko na daina, ba ta nema.

A damina ta uku ta yi fure, zangarniya-zangarniya, fari mai ɗan rawaya, da ƙamshi marar ƙarfi. Kafin in dawo daga sallar asuba in sha koko, zuma sun cika katangar da gunji. Bayan furen kwasfa ta fito ja wur, kamar an rataya tsummokaran atamfa. Igiyar shanya dai ita aka matsar, zuwa ƙofar kicin.