Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Daren da Na Fara Ƙirga Wudkok

Jama'a, barkanmu da sake saduwa. A makon jiya mun tsaya ne a inda na gama zangon karatuna na farko a jihar Men, can arewa maso gabashin Amurka, har malamina ya sa sunana cikin masu fita aikin daji idan sanyi ya ja baya.

Aikin kuwa na wani tsuntsu ne da ake kira wudkok. Bai kai makwarwa girma ba, launinsa sak busasshen ganye, ga dogon baki da yake cusawa cikin danshin ƙasa yana zaro tana. Idanunsa can baya suke a kai, saboda haka yana kiwo yana ganin abin da ke tahowa ta bayansa. Da rana sai ka kusa taka shi ba ka gan shi ba. Shi ya sa da kunne ake ƙirga shi.

Tun 1968 hukumomin kula da namun daji na Amurka da Kanada suke wannan ƙidaya kowace shekara. Ana ba mutum hanya mai tsawon mil 3.6, da wuraren tsayawa 10, a kowanne ya kashe mota ya kasa kunne na minti 2. Ana farawa minti 22 bayan faɗuwar rana, in kuma hadari ya rufe sama, minti 15. Wannan lokaci ya faɗo daidai kan magariba, don haka nakan tafi da alwala, in shimfiɗa darduma a gefen titi in yi sallah kafin agogo ya cika. Dattijon da aka haɗa ni da shi, wanda ya tsufa a wannan aiki, yakan tsaya nesa kaɗan da takarda a hannu har in sallame. Bai taɓa gaggauta ni ba, Allah Ya saka masa.

A tsayawarmu ta farko ban ji komai ba sai kwaɗi. Can gaba kaɗan ya taɓa kafaɗata ya nuna wani fili. Sai ga wani ɗan gajeren kuka mai fita ta hanci, "piint", a yi shiru, a sake. Namijin ne a ƙasa yana kiran mace. Kafin in ankara ya tashi, yana kewayawa yana hawa sama, fukafukansa na fitar da wani siririn fito, har ya ɓace mini a sauran hasken yamma. Daga nan ya sulalo yana tangaɗi yana 'yan kuka masu daɗi, ya dira kusan inda ya tashi. Wallahi na manta da sanyin da ke cin yatsuna.

A hanyar komawa ya ce da ni, "Ɗana, wasu wuraren da muka tsaya yau shiru, da can ba haka suke ba." Lissafin ƙidayar ma haka ya nuna: yawan mazan da ake ji yana raguwa da kusan kashi 1 cikin 100 a shekara tun da aka fara. Na ɗauka mafarauta ne sila, tunda ana harbinsa da kaka. Amma mafarautan nan su ne ma ke aiko da fukafukan abin da suka harba a ambulan, masana su duba su gane namiji da mace, babba da ɗan bana, su san ko an yi ƙyanƙyasa da kyau. Babbar matsalar ita ce daji ya tsufa.

Nan fa kaina ya ɗaure. Ni ɗan ma'aikacin gandun daji ne. Na tashi ina ganin mahaifina yana dasa layukan darbejiya don tare hamada, yana rigima da masu saran itace. Ga shi na zo jihar da kusan kashi 90 cikin 100 na ƙasarta daji ne, ana ce mini tsuntsu na ƙarewa saboda ba a sara. Sai da aka kai mu gandun Muzhon, wanda aka kafa a 1937 kusa da iyakar Kanada, na gani da idona. Gonakin da mutanen yankin suka bari shekaru aru-aru sun fara zama sabara, wudkok ya samu yadda yake so, daga baya bishiyoyi suka girma suka rufe sama, ƙasansu ya zama fayau babu maɓoya. Macen kuwa a ƙasa take saka ƙwanta 4, tana bukatar ƙananan itatuwa masu cunkoso da ƙasa mai laushi. To a gandun sai a sare itatuwan alda, wasu gajerun itatuwa masu son dausayi, layi-layi, a bar na gefe, bayan kamar shekara 20 a zagayo kan na farko. Na shiga wani layi da aka sare 'yan shekarun baya, tsiron ya fi ni tsayi, da ƙyar na kutsa. A kan taɓo ga 'yan ramukan da bakinsa ya huda, ga fararen ɗigon kashinsa a kan ganye.

Ra'ayina har gobe, wannan sara ba ɗaya yake da namu ba, kuma kada wani ya kafa hujja da shi. Can ruwa na sauka isasshe, kututture ya tofo cikin shekara guda, kuma da lissafi ake yi.

Da na kira gida na ba Baba labari, ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai ɗan nan, karatun sare itace na tura ka?" Na ce, "Baba, ka yi haƙuri in zo in nuna maka hotuna." Ya ce to, Allah Ya kawo ni lafiya.

Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, zan ba ku labarin ranar da muka bi karen farauta neman 'yan tsakin wudkok don sa musu zobe a ƙafa, da yadda ake gane kwanakinsu ta auna tsawon baki.